Kar Wanda Ya Raba Mu

A garin Kiru, in dai maganar fim ake yi, Maikano mai faci ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zancensa. Rumfarsa tana bakin tasha, amma idan tayarka ta yi faci kada ka wahalar da kanka da zuwa can, wuce gidan kallon Ja'afar kawai. Nan za ka same shi a sahun gaba, a kan wata farar kujerar roba mai hannu da ya ɗaure ƙafarta da waya, yana gaya wa jarumin fim inda ya kamata ya kai naushi. Sauran jama'a kuwa a benci suke matsuwa. Wannan kujera ko Ja'afar mai gidan bai isa ya ɗora mazaunansa a kai ba.

Mutum ɗaya ne a duniya yake kashe wa Maikano baki, shi ne surukinsa Malam Hayatu, malamin allo, mahaifin matarsa Safara'u. Tun daga nesa in ya hango rawanin Malam zai tuɓe takalma ya durƙusa, muryar nan da ke cika tasha ta koma kamar ta ɗan tsako. Shi ya sa ma yake ƙara son gidan kallo, don ya san nan ne wuri ɗaya da ƙafar Malam ba ta taɓa takawa ba.

Ra'ayin Maikano a kan fim gajere ne: fim in babu duka a ciki, ɓarnar man janareta ne. Wata ranar bayan la'asar aka gama wani fim na soyayya, Maikano ya ja tsaki mai tsawo har sai da na baya suka leƙo.

"Wannan shi ne fim? Mutum biyu suna ta zagaye bishiya tun ɗazu, ko mari ɗaya ba a yi ba!"

Mujitaba ɗan achaɓa ya ce, "Kai dai ka cika son jini. Ni in fim bai sa na yi dariya har cikina ya ƙulle ba, ban kalli komai ba."

Umaru mai shayi ya gyara hula ya ce, "Dariyar banza. Fim darasi ne. In ka fito ba ka koyi komai ba, ka yi asarar yininka."

"Ni kuwa labarin da zai taɓa min zuciya nake so," in ji Ja'afar, "wanda zan ji tausayin wani."

Maikano ya dube su ɗaya bayan ɗaya kamar likita a gaban marasa lafiya. "Duk cikinku babu wanda ya san fim. Ni da za a ba ni dama, zan yi fim ɗin da babu mai iya tashi sai ya ƙare. Mai jin fitsari ma sai ya riƙe."

"To wa ya hana ka?" Mujitaba ya ce. "Ga wayar Ja'afar nan, tana ɗaukar har ƙurajen fuska."

Da mai hankali ne, da ya yi dariya ya bar zancen. Maikano kuwa sai ya miƙe ya dafa kujerarsa ya ce, "Ku shaida. Zan yi fim, a haska shi a ɗakin nan. Idan mutum ɗaya, ɗaya tak, ya tashi daga mazauninsa kafin ya ƙare, na bar kujerar nan, kuma bakina ba zai ƙara furta kalma a kan fim ba har in koma ga Mahaliccina."

Ɗakin ya ɗauki "Mun shaida!" da ƙarfin da ya kamata ya ba shi tsoro. Umaru har da ɗaga hannu sama yana cewa Allah Ya nuna mana.

Da ya koma gida ya ba Safara'u labari yana tafiya yana dawowa a tsakar gida. Ita kuwa tana tankaɗe, wayarta a jingine da turmi, idonta jawur saboda wani fim da take kallo.

"Maigida, wa zai mutu a ciki?" ta tambaya.

"Babu mai mutuwa. Duka ne kawai."

"To wa za a rabu da shi a tasha yana ɗaga hannu?"

"Babu!"

"Ashe ba fim ba ne, dambe ne. In ba a yi kuka ba ni ban ga abin kallo ba."

"Ke dai ki zuba ido. Mijinki ne jarumi, mijinki ne darakta."

"Allah Ya sa mijina ya dawo da haƙoransa," in ji Safara'u, ta ci gaba da tankaɗenta.

Jarumi dai an samu, saura bos. Maikano ya ce ba zai doki ƙaramin mutum ba, don darajar jarumi tana ga girman wanda ya kayar. Saboda haka ya nemo Hamma, wani ɗan dako mutumin Badafi da ke loda buhunan masara a tasha, ƙato ne wanda in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Hamma mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa faɗa da kowa ba, don babu wanda ya taɓa gwadawa.

"Aikinka mai sauƙi ne," Maikano ya ce masa. "Ka zare ido, ka yi gurnani, in kai maka naushi uku, ka faɗi."

"In faɗi ƙasa?"

"Ƙasa warwas."

Hamma ya sosa ƙeya ya ce, "To, ba komai. In dai ba da gaske ba ne."

Aka fara a bayan tasha da hantsi. Maikano ya ɗaura jan ƙyalle a goshi, ya sa baƙin tabarau, ya naɗe hannun riga. Ja'afar ya saita waya. Maikano ya daka tsawa, "Akshin!" ya nuna Hamma da yatsa ya ce, "Yau kwananka ya ƙare, azzalumi!"

"Salamu alaikum. Sannunku da aiki," in ji wani dattijo da ya zo wucewa da akuya.

Bos ɗin da ke gurnani ya saki fuska ya rusuna. "Wa alaikumus salam, Baba. Ina kwana? Ya gida? Ya ƙafar?"

"Kat!" Maikano ya yi ihu. "Hamma, bos ba ya gaisuwa!"

"Haba Maikano, dattijo ya yi sallama in yi shiru? Ni ba a haife ni haka ba."

Aka sake. Wannan karon har Maikano ya cakumi wuyan rigar Hamma, ya ɗaga hannu zai kai naushin farko, sai ya ji an rungume shi ta baya an ɗaga shi sama. Direbobi ne da 'yan kamasho suka yo kansu a guje. "Subhanallahi! Ku bari! Kai Maikano ka ji tsoron Allah, kana da iyali!" Wasu suka riƙe Hamma, wanda dama ko motsi bai yi ba, suna ba shi haƙuri. Wani ya cire wa Maikano tabarau, wani ya kwance masa jan ƙyallen ya ce irin wannan ne ke sa zafin kai.

"Fim ne! Fim muke yi!" Maikano yana ta wutsil-wutsil.

"Ko ma mene ne, a yi haƙuri," in ji wanda ya riƙe shi. "Shaiɗan ne."

Maikano ya ce mutanen Kiru ba su waye ba, a koma inda babu kowa. Washegari Mujitaba da wani abokinsa suka kwashe su a babura zuwa Badafi, can cikin wata gonar dawa da aka girbe, ko tsuntsu babu. Maikano ya duba gabas ya duba yamma, ya yi murmushi ya ce nan ne wurin. Ya manta cewa a ƙasar nan babu gonar da ba ta da ido.

Naushin farko ya tafi lafiya. Hamma ya yi gurnani mai kyau har Ja'afar ya ja da baya. Kafin na biyu ya sauka, sai ga ihu da salati daga bayan kara. Wata tsohuwa ce, Asibi, gwaggon Hamma, ta ajiye ƙwaryar furarta ta taho da muciya a hannu, bayanta manoma da fartanya.

"Wane ɗan ƙwal uba ne zai doki ɗan ƙanena a gonar ubansa?"

"Gwaggo, wasa ne," in ji Hamma.

"Rufe min baki! Kai kullum a cuce ka ka ce wasa ne."

Muciyar ta sauka a kafaɗar jarumi sau biyu kafin a riƙe ta. Daga nan ba a tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan mai unguwa. Aka shimfiɗa tabarma, dattawa suka zauna, aka tambayi asalin rigimar. Maikano ya yi bayani tun daga kujerar roba har zuwa jan ƙyalle. Mai unguwa ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Na fahimta. To amma dai wa ya fara?"

Ba a tashi ba sai da aka sa su suka yi musafaha, kowa ya ce ya yafe duniya da lahira, aka shafa fatiha. Asibi ta dama musu fura ta tsaya a kansu sai da suka sha a ƙwarya ɗaya. A hanyar komawa Hamma ya ce, "Gaskiya Maikano ni a Badafi ba zan ƙara faɗa da kai ba. Na yafe maka a gaban manya."

A ranar Maikano bai iya cin tuwon kirki ba. A tasha an fara kiransa Darakta, kuma ba don girmamawa ba. Mujitaba kullum sai ya je ya shafa farar kujerar nan ya ce yana gwada tsayinta ne. Abin ya ci wa Maikano rai ƙwarai, sai da ya yi ta juyi kafin dabara ta faɗo masa.

"Na gano matsalar," ya gaya wa Ja'afar. "Ba a sanar da jama'a ba ne. Wannan karon Tiga za mu, bakin ruwa, inda fim zai yi kyau. Kuma ni da kaina zan toshe bakin masu rabo."

Ya ari lasifikar wani mai tallan maganin basir, suka isa Tiga dab da azahar lokacin da masunta ke fitowa da kifi. Maikano ya hau kan wani kwale-kwale da aka kife, ya buɗe murya.

"Jama'ar Tiga, salamu alaikum! Fim za mu yi! Za ku ga faɗa, amma ba faɗa ba ne! Don girman Allah kar wanda ya raba mu! Ko kun ji ana ihu, cikin labarin ne! Ko kun ji ana a taimaka, cikin labarin ne! Ko kun ji mutum ya ce da gaske yake, to nan ne ma labarin ya yi daɗi! Duk wanda ya sa hannu ya ɓata mana aiki, ban yafe ba!"

Ya sa suka amsa da baki cewa sun ji sun yarda. Ya juya ga Ja'afar ya ce, "Kai kuma kada ka kashe wayar nan sai ka ga bayan Hamma a ƙasa. Ko ni na ce ka kashe, kada ka kashe."

Sanarwar da aka yi don a kori masu rabo sai ta tara 'yan kallo. Masunta, masu sayen kifi, masu noman rani, har ma'aikatan ruwa suka zagaye wurin. Nan ne Hamma ya daina zare ido. Ya matso kusa da Maikano yana magana ƙasa-ƙasa.

"Maikano, akwai matsala. Ka ga dattijon can mai farin gemu da ke gyaran taru? Baban Karima ne, matata. Ga yayyenta can su ma."

"To sai me?"

"Ba zan iya faɗuwa a gabansu ba. Da wane ido zan ƙara shiga gidansu? A ce ɗan firit kamarka ya kayar da mijin 'yarsu?"

"Ɗan firit? Kai Hamma, ka san fim kuwa? A fim babu suruki! Ka ji ni? A fim babu suruki!" Ya faɗa da ƙarfi har Mujitaba da Ja'afar suka ji. "Akshin!"

Naushi na ɗaya ya sauka a ƙirjin Hamma. Na biyu ya bi shi. Na uku Maikano ya haɗa da tsalle da wata ƙara da ya koya a finafinan Chanis, sannan ya juya wa Hamma baya ya harɗe hannu yana jiran ya ji faɗuwar ƙato. Abin da ya ji shi ne ƙafafunsa sun bar ƙasa.

Hamma bai doke shi ba, don shi bai iya duka ba. Abin da ya iya shi ya yi: ya saɓa shi a kafaɗa kamar buhun masara, ya zagaya da shi fili, ya sauke shi tim a cikin taɓo.

"Kat!" in ji Maikano da bakinsa cike da laka. "Kat! Hamma, ba haka aka tsara ba!"

Hamma ya saci kallon surukinsa, ya ga dattijo ya ajiye taru yana gyaɗa kai. Sai ya sake sunkuyawa ya ɗauko jarumi.

"Jama'a ku taimaka! Ku raba mu!"

"Kai, mutumin nan ya iya!" in ji wani masunci. "Kamar gaske!"

"Wallahi da gaske nake! Na rantse da gaske nake!"

"Nan ne ya ce labarin zai yi daɗi," wata mai tuyar kifi ta gaya wa ta kusa da ita, suka ƙara matsowa.

"Ja'afar, kashe wayar!"

"Ka ce ko kai ka ce kada in kashe, Darakta."

A sauka ta biyu cikin kwandon tarwaɗa ya faɗa, ya fito da ɗaya a cikin riga yana tsalle yana kiran sunan mahaifiyarsa. Ya zuba da gudu, ya yi karo da tarun da aka shanya, ya naɗe a ciki tun daga wuya har ƙafa, yana birgima yana neman wanda zai raba, a ƙasar da jiya-jiya ko tari ka yi da ƙarfi sai an ba ka haƙuri. Babu wanda ya motsa, kowa yana tsoron rashin yafiyarsa. Da ladan bai kira azahar ba, Allah kaɗai Ya san inda za a tsaya. Hamma ya warware shi, ya karkaɗe masa riga ya ce, "Ka yi haƙuri Maikano. Ka ga dai yanayin."

Safara'u ta gasa masa jiki da ruwan zafi, tana kallon abin a wayarta, don kafin su iso gida Mujitaba ya riga ya karɓa daga wayar Ja'afar ya tura wa tasa matar, ita kuma ta tura wa duniya. Ta yi kuka wajen da ya kira mahaifiyarsa, ta share hawaye ta ce, "Maigida, ashe ka sa wajen kukan."

Da wani ne, da ya ɓuya a ɗaki. Amma Maikano yana kwance sai ya tuna abin da ya yi alkawari a kai. Bai ce shi zai yi nasara a faɗan ba, cewa ya yi babu mai tashi. Ya miƙe zaune duk da ciwon ƙugu ya ce, "Da gangan na yi! Sabon salo ne, jarumi ya sha wuya. Wa zai iya tashi ya bar wannan?"

Ranar haskawa, bayan la'asar, gidan kallon Ja'afar ya cika har taga. Maikano ya shigo yana ɗingishi ya zauna a farar kujerarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ja'afar ya haɗa komai, tun daga dattijo mai akuya har muciyar Asibi. Mujitaba ya yi dariya har ya kwanta a cinyar na kusa da shi, amma bai tashi ba. Umaru yana ta cewa, "Kai, akwai darasi a nan." Ja'afar ya ce shi dai tausayi ya kama shi wajen tarwaɗar. Duka kuwa ga shi nan, ko Maikano bai isa ya ce babu ba. Kunya tana cinsa kamar ya nutse, amma yana waiwaye yana ƙirga kawuna, zuciyarsa fari ƙal, don ko mai jin fitsari ya riƙe.

An zo wajen taru, saura ƙiris ladan ya yi kira a fim ɗin, sai labulen ƙofa ya ɗaga.

"Salamu alaikum. An ce min an doki mijin 'yata a Tiga, kuma wai shaidar tana nan."

Rawanin Malam Hayatu ne. Ɗakin ya amsa sallama, kowa ya sunkuyar da kai a inda yake zaune, don matsin ya kai ba a iya ko motsa gwiwa. Malam ya tsaya yana duba inda zai zauna. Kujera kuwa ɗaya ce a ɗakin.

Maikano ya dubi kujerarsa. Ya damƙe hannun kujerar da hannu biyu. Mujitaba ya miƙo wuya ya raɗa masa, "Zauna abinka, Darakta. A fim babu suruki."

Maikano ya so ya zauna, Allah Ya sani ya so. Amma ƙafafunsa ba su yi shawara da shi ba. Kafin ya ankara yana tsaye, takalma a hannu, yana goge kujerar da hularsa yana cewa, "Bismillah, Malam. Allah Ya gafarta Malam."

"Ya tashi!" ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. "Wallahi ya tashi!"

Malam Hayatu bai san me ake wa ihu ba. Ya zauna ya gyara rawani, ya kalli surukinsa yana birgima a cikin taru har ladan ya yi kira. Gemunsa ya ɗan motsa, ya rufe baki da gefen rawani ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba. Sannan ya juya wajen ƙofa, inda Maikano ke durƙushe.

"Ni ban san fim ba. An ce kai ne masaninsa a garin nan. Wannan mai kyau ne?"

Duk ɗakin ya juyo. Maikano yana da magana cike da baki: hasken bai daidaita ba, Ja'afar ya karkatar da waya, tsallen nan nasa ko a Chanis sai an tona. Ya buɗe baki, ya dubi shaidunsa, ya mayar ya rufe.

"Allah Ya gafarta Malam, ya daina," in ji Mujitaba.

"To madalla," Malam ya ce, ya ƙara gyara zama a farar kujerar. "Ja'afar, mayar mana da shi farko. Ban ga wajen tarwaɗar da ake faɗa ba."